Ranar da Na Zubar da Kwandon

A gidanmu an daɗe ana cewa bairos, cutar kwamfuta, shi ne ya cinye muryar kakanku na wajen uwa, Baba Ndagi. An faɗa a gaban baƙi, an faɗa a wajen zaman makoki, har jikokina da ba su taɓa ganin tsohon ba sun haddace. Ni na fara faɗa, kuma ƙarya ce. Na rubuta muku babi uku kafin wannan, na ba ku labarin kakana da ya biyo jirgin ƙasa daga Kano ya sauka a Minna da ƙullin allura da zare, na ba ku labarin yadda na bar aikin tafireta na buɗe shago, duk zagaye-zagaye nake yi don kar in iso nan. To, ga shi na iso. Usman da Bilkisu, ku karanta don ku sani. Amma ke Rahama, wannan babin naki ne, kuma ina roƙon ki ki kai ƙarshensa kafin ki ɗauki waya.

Shekarar da kika shiga jami'a a Gidan Kwano, shagonmu na Bosso yana kan ganiyarsa. Kun tuna shi, ɗaki ɗaya ne a jikin gida, ƙofa ɗaya ta titi, ɗaya ta tsakar gida, ga firinta, ga fanka mai kuka, ga kwamfuta guda ɗaya tal. Tsohuwa ce, 'yar gwanjo, fara ce a da amma ta koma kalar madarar da ta kwana. Da ita nake buga wa ɗalibai furojet ɗinsu na kammala karatu, da ita muke ci muke sha. Duk wanda ya gan ta sai ya raina ta, sai na kunna ta ya ga ta tashi kafin ya gama gyara zama, sai ya riƙe baki. Wannan riƙe bakin shi ne abincin raina, ba zan ɓoye muku ba. Na san cikinta kamar aljihuna. Na kashe duk tarkacen da ke tashi tare da ita in an kunna, na cire hoton fuskarta na bar shi baƙi wuluk, na kashe 'yar kiɗan da take yi ta maraba, na hana tagoginta yin yanga wajen buɗewa da rufewa. Mutane suka riƙa kawo mini nasu daga Tunga, daga Maitumbi, har daga Chanchaga, wai in duba musu me ya sa suke rarrafe. Aka sa mini suna Likita. Da fari ina cewa haba, wane ni, daga baya in aka kira ni Malam Sani sai in ji kamar an rage mini wani abu.

Doka ɗaya na kafa a kan wannan kwamfuta: ba a ajiye komai a cikinta sai aiki. Usman, kai ka fi kowa shan wuya, na goge maka wasan motoci ya fi sau biyar. Hotunan bikin ƙanwar mamanku ma ban bari sun kwana biyu ba. Kullum da safe sai na bi ma'ajiyar fayiloli ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba tsaftar gidaje, abin da ban sani ba in kashe shi. Kuma akwai wata burgar da nake yi. Kwamfuta tana da abin da ake kira kwandon shara, in ka goge fayil can yake tafiya ya zauna, in ka yi nadama ka dawo da shi. Ni ba na bi ta nan. Akwai maɓallin da nake haɗawa in danna, fayil ya mutu kai tsaye ba tare da ya ga kwando ba. Ina yi ina faɗa wa duk wanda ke tsaye a kaina cewa kwando na masu shakka ne, ni in na yanke hukunci na yanke. Saboda haka a kaina kwandon nan kullum fayau yake, ban taɓa leƙa shi ba. Mamanku tana shigowa da abinci tana jin wannan surutu, ashe tana ajiyewa.

Kakanku a lokacin yana Garatu wajen kawunku, idanunsa sun yi rauni, ya bar ƙirar tagulla da ya gada a Bida. Mutum ne mai magana, in ya fara ba a tashi. Hausarsa irin ta mutanen da suka koye ta a kasuwa ce, kowa “kai” yake ce masa, har 'yarsa, amma in ya juya Nufanci sai ka ga tsofaffi sun yi tsit. Ya san sunayen kakanninsa har goma sha wani abu, ya san wane ne ya fara zuba tagulla a gidansu, ya san kirarin maƙeran gidan, da waƙar da marigayiya kakarku take yi wa mamanku tana goye. Duk 'ya'yansa ba wanda ya riƙe rabin wannan. Ku kuwa Nufancinku bai wuce gaisuwa da neman ƙarin miya ba, kuma laifina ne, ni na ce a yi Hausa da Turanci a gida.

Wata rana mamanku ta shigo shago da wata 'yar rikoda, ba ta kai tsawon yatsa biyu ba, wai matar kawunku ce ta ara mata. Ta tsaya a bakin ƙofar tsakar gida, hannunta ɗaya a bayanta.

“Malam, ina son in riƙa ɗaukar maganar Baba. Amma abin nan awa ɗaya yake ɗauka ya cika. An ce ana juyewa a kwamfuta a sake ɗaukar wani.”

Ko juyowa ban yi ba, ina buga wa wani ɗalibi babi na biyu.

“Murya nauyi gare ta, Maman Rahama. Awa ɗaya ta magana ta fi furojet ɗari cin wuri. So kike ta koma rarrafe irin na mutane?”

“To yaya za a yi?”

“Ki bari in sayo babban rumbun ajiya in sa mata. Sai ki zuba duk abin da kike so.”

“Yaushe?”

“In an samu sarari.”

Ta ce to, ta fita. Kun san “to” ɗin mamanku, iri uku ne, kuma wannan ba na yarda ba ne. Ni kuwa rumbun nan ban sayo ba, ban ma sake tunawa da shi ba.

Abin da ta yi, daga baya na haɗa shi. Kowace Alhamis takan shiga motar Bida ta sauka a Garatu, ta kai wa tsohon kunu da goro, ta zauna da shi a gindin mangwaro ta kunna rikoda. Ranar Juma'a in na tafi masallaci, ta san ba na dawowa sai bayan la'asar, don daga salla majalisa nake wucewa. Sai ta shiga shago, ta juye muryar a kwamfuta yadda Rahama ta nuna mata sau ɗaya, ta sa wa fayil suna, sannan ta ja shi ta jefa a kwandon shara. In tana son ji ta dawo da shi, ta saurara, ta mayar. Ta share rikodar ta shirya wa wata Alhamis. A duk faɗin kwamfutar nan ta gano wuri ɗaya da mijinta ba ya dubawa, kamar yadda take ɓoye 'yan kunnenta a cikin gwangwanin kanwa. Wallahi in na tuna wayon nan har yau sai in ji dariya ta zo mini, sai kuma in tuna abin da ya biyo baya. Wata bakwai tana yi. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko ke Rahama ba ki san inda take ajiyewa ba.

Da damina ta kama, lokacin furojet ya zo. Ɗalibai suka cika benci har waje, kowa malaminsa na jiran sa, kowa gobe ne ranar ƙarshe. Ga wuta tana wasa da mu, ga janareta yana tari. Sai kwamfutar ta fara nauyi. Ba wani nauyin a zo a gani ba ne, amma ni na ji shi a yatsuna. Wani yaro mai gemu, ɗan ajin ƙarshe, ya ce cikin wasa, “Likita, yau mara lafiyar taka ce ke nishi?” Benci ya kwashe da dariya. Na yi dariyar ni ma, amma maganar ta soke ni. Ran Asabar da safe na rufe ƙofar titi na ce ba aiki sai azahar, yau wankan sistem za a yi.

Da sassafen ranar, Rahama, kin zo hutun ƙarshen mako, kin roƙe ni in bar ki ki fitar da aikinki shafi huɗu. Kika sa filashinki na ajiyar fayil, ɗan shuɗi mai igiya da kike ratayawa a wuya, kika buga, kika cire, kika tafi taya mamanku wanki. Minti biyar ba ki yi ba.

Na zauna na fara. Akwai wani abin shara a cikin sistem ɗin, in ka kira shi sai ya zagaya ya kawo maka jerin tarkacen da za a iya zubarwa, kowanne da nauyinsa a gefe. Ya gama lissafi ya nuna mini. Tarkacen wucin gadi kaɗan ne, don ba na bari su taru. Sai idona ya faɗa kan layin kwandon shara: giga biyu da ɗoriya, nauyi mai yawa ga tsohuwa irin tawa. Na ce iye! Ashe ga ɓarawon. Na ɗauka ɗaliban nan ne in na juya baya suke zuba shirgi suna gogewa. Farin ciki ya kama ni irin na wanda ya kama ɓera a rumbu. Buɗe kwandon in ga abin da ke ciki danna biyu ne kacal, ban yi ba. Kwamfutar da kanta ta tambaye ni ko na tabbata. Wannan tambaya na amsa ta sau dubu a rayuwata ban taɓa karanta ta ba. Na danna e. Wani ɗan koren layi ya cika ya wuce, ko ƙirga goma ban yi ba.

Har a nan, ’ya’yana, kuskure ne. Kowa yana yi. Da a nan labarin ya tsaya da tuni na faɗa muku shi muna cin gyaɗa. Abin da ya biyo baya shi ne nake rubutawa.

Wajen hantsi na fita sayen takarda. Da na dawo na tarar da mamanku a kujerata, abin da ban taɓa gani ba. Hannunta da sauran kumfar sabulu, tana riƙe da maus, linzamin kwamfutar, ta buɗe kwandon, fari fat. Ashe ta ji na ce wankan sistem, hankalinta ya tashi, tana jiran in fita. Ta ɗago ta dube ni.

“Malam, abubuwan da ke cikin nan fa?”

“Waɗanne abubuwa?”

“Maganar Baba. Guda ashirin da takwas. A nan nake ajiyewa.”

Na tsaya cak a bakin ƙofa. Kuma ku ji abin da ya ratsa kaina a wannan tsayuwar, don na sha bin sa daki-daki. Na san fayil in an zubar da shi daga kwando bai mutu nan take ba. Sunansa kawai aka cire, jikinsa yana nan kwance a rumbu har sai an rubuta wani abu a kansa. Abin da ya kamata shi ne in kashe kwamfutar a lokacin, in cire rumbun, in kai wa wanda ke da kayan tono fayilolin da aka goge. Kuma a Minna ta wancan lokaci mutum ɗaya na sani mai wannan kayan, Malam Yakubu na Tunga. Shi kuwa Malam Yakubu, wata biyu kafin nan na zauna a majalisa na ce bai iya komai ba sai fomat, wato wanke kwamfuta tas, na kwaikwayi tafiyarsa aka yi dariya, kuma maganar ta kai masa. In ɗauki rumbuna in je in tsuguna a shagonsa in ce ni Likita na share muryar surukina da hannuna? Kafin magariba duk Bosso ta ji. Ga shago zai zauna a rufe kwana uku ko huɗu, ga ɗalibai a benci. Sai wata murya a cikina ta ce, ai tsohon yana raye, Garatu ba nisa, a sake ɗauka mana. Wannan muryar ita ta ba ni ƙarfin buɗe baki.

“Innalillahi. To shi ke nan, abin da nake tsoro ne ya faru. Bairos ne.”

“Bairos?”

“Tun safe na ga alamarsa. Kwando yake fara ci. Wa ya sa filashi a kwamfutar nan yau?”

Na san amsar kafin in tambaya. Kina tsaye a bakin ƙofa da bokiti, Rahama, kin ji hayaniya kin leƙo. Na ga hannunki ya tafi wuyanki inda igiyar take.

“Abba, ni ce. Amma na duba shi a makaranta, ba komai.”

“Kwamfutocin makarantarku? Ai can ne gidan bairos. Sau nawa na ce kar a sa mini filashin waje?”

Ban taɓa hana ki ba, ni na ce ki sa. Kin buɗe baki za ki faɗi haka, sai kika dubi fuskar mamanku, kika rufe. Kika ajiye bokitin a hankali. Na miƙa hannu na ce ki ba ni filashin in ƙona shi kar ya kashe wata kwamfutar. Kika cire daga wuya kika ba ni, da ɗuminsa.

Ƙarya kuma ba ta tsayawa da ƙafarta, sai an tallafe ta. Tun da na ce bairos ne, dole in yi abin da ake yi wa bairos. Bayan azahar na kwashe ayyukan ɗalibai na juye a wani ɗan rumbu da aka kawo mini gyara, na yi wa kwamfutar fomat, wato na wanke ta tas na sake zuba mata sabon sistem. Ina kallon layin yana tafiya, na san sarai a kan me yake rubutu. Kowane kashi da ya ƙaru, wata Alhamis ce ta mamanku nake binnewa. Ban tsayar ba. Da aka gama na sake yi mata duk gyare-gyarena ɗaya bayan ɗaya, na kashe wannan na rage wancan, ta tashi kamar walƙiya. Ran Litinin mai gemun nan ya ce, “Kai, Likita, ka yi mata allura ke nan!” Na yi murmushi. Allah Ya yafe mini, har daɗi na ji.

Na ce wa mamanku kar ta damu, da kaina zan kai ta Garatu mu sake ɗauka, har rumbun zan sayo. Ba ta ce to ba ma wannan karon. Alhamis ta farko aiki ya yi yawa. Ta biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanya ta lalace. Ta uku ta tafi ita kaɗai, ta dawo da wuri. Ta ce ta faɗa wa tsohon abin da ya faru, ya yi dariya ya ce, “Kai Hauwa, ba komai, magana yana nan a ciki, in na huta za mu sake.” Ranar bai ji daɗin jikinsa ba, ba su ɗauki komai ba. Kafin Alhamis ta huɗu kawunku ya aiko, an tsinci Baba a faɗe a bakin gona bayan sallar walha. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshen ya tafi tare da shi.

Bai rasu ba, wannan kun sani. Muka ɗauko shi ya zauna da mu a ɗakin da ke kallon shago, shekara biyu da wani abu. Hankalinsa garau, idonsa yana bin kowa, amma in ya buɗe baki sauti ɗaya ke fita, kullum shi. Mutumin da ba a tashi in ya fara magana. Wani lokaci sai in ga leɓensa yana motsi a jere, yana kaɗa yatsun hannun hagu a kan gwiwa kamar mai ƙirga, na san sunayen nan yake bi. Daga kujerata ina hango shi ta ƙofar tsakar gida. Na sa labule a ƙofar na ce hasken rana yana damun fuskar kwamfuta.

Ke kuwa Rahama, kowace Juma'a kina sauka daga motar Gidan Kwano, ba ki cire takalmi sai a ƙofar ɗakinsa. Ke ke ba shi kunu da cokali, ke ke yanke masa farce. Wata Asabar da rana na zo wucewa na ji kina yi masa magana ƙasa-ƙasa.

“Kaka, ka yafe mini. Ban san yana da cuta ba, wallahi ban sani ba.”

Ya ɗaga hannun hagu ya ɗora a kanki, yana yin sautin nan nasa. Ina tsaye a bayan labule da faranti a hannu. Taku uku ne tsakanina da ku. Na koma shago na kunna firinta don kar in ji sauran. Daga wannan shekarar dariyarki ta ragu, ke da a da ake jin ki tun daga bakin titi. Kika daina shiga shagon gaba ɗaya. Kika sayi littafi mai bango ja kina bin mamanku da shi a kicin, wai ta tuno miki abin da ta ji. Sunaye shida ta iya tunowa, da rabin waƙar goyon. Ranar da aka yi jana'izarsa na ji kina gaya wa wata gwaggonku cewa an ɗauki muryarsa amma kin lalata. Gwaggon ta ce ƙaddara ce. Ina zaune a tabarmar maza ina amsa gaisuwa.

Shekaru suka wuce. Kowa ya sayi ƙaramar kwamfutar cinya, ɗalibai suka daina zuwa, farar tawa ta mutu wata rana da kanta, na ba mai gwangwan. Duk saurin nan da na yi ta tattalinsa, ban san inda ya kai ni ba. Shekarar da ciwon mamanku ya tsananta, wata rana da hantsi muna zaune a baranda tana ɓarar agushi a hankali, don ta ƙi yarda a hana ta aiki. Ba ta dube ni ba ta yi maganar.

“Malam, yaushe za ka faɗa wa yarinyar nan?”

“In faɗa mata me?”

“Haba Malam. Na tsufa, kai ma ka tsufa.”

Na kawar da kai. Ta ci gaba da ɓara.

“Ban yi boko mai zurfi ba, amma ina da ido. Ranar nan na ga ayyukan ɗalibai duk suna nan, ko ɗaya bai taɓu ba. Na ga ka kwashe su ka mayar a sabon sistem ba ka ji tsoron cuta ba. Wane irin bairos ne wannan da bai ci komai ba sai kayan Hauwa?”

“Tun ranar kin sani?”

“Tun kafin la'asar.”

“Me ya sa ba ki ce komai ba?”

“Na ce. Na faɗa mata ba laifinta ba ne ya fi sau ɗari. Sai ta ce, Mama ke ba ki san kwamfuta ba, Abba ya sani. To me zan ce? In ce ubanki maƙaryaci ne? Wannan ba ni zan ɗora mata ba. A bakinka ta ji, a bakinka za ta yarda.”

Ta kakkaɓe zanenta, ta ce ita ta yafe nata tuntuni, har da rabonta na laifi, don da ta yi ƙarfin hali ta tsaya a kan maganarta da ba ta koma ɓoyo a kwando ba. Amma na Rahama ba ita ke da shi ba, ba za ta iya yafe mini shi ba. Ta sa na yi mata alkawari. Na ce in sha Allahu in kin zo hutun salla. Kika zo hutun salla da jaririnki na fari, gida ya cika da murna, na ce ba yanzu ba. Bayan wata huɗu mamanku ta rasu, na ce ai ba a ƙara wa mai makoki wani nauyin. Daga nan kuma kowace shekara da nata dalilin. Ni da nake cika baki cewa in na yanke hukunci na yanke.

Yanzu kin zama babba a aikin kwamfuta, kin fi ni sani nesa ba kusa ba. Ina jin ƙannenki suna tsokanar ki wai komai sai kin ajiye shi wuri uku, wai ko hoton suna aka turo miki sai kin bincike shi kafin ki buɗe. Bara da kuka zo na ga ɗanki ya ɗauko wani filashi zai sa a kwamfutarki, kika daka masa tsawar da ta sa ya saki ya faɗi, sannan kika rungume shi kina ba shi haƙuri. Ƙannenki suka yi dariya. Ni na san daga inda tsawar ta fito, muryata ce. Wani lokaci ina tunanin da saninki na yanzu ai kin isa ki gane bairos ba ya aiki haka. Ina jin ba ki taɓa komawa ki duba maganar ba ne, saboda Abba ne ya faɗa.

Usman, Bilkisu, kakanku yana da sunaye goma sha wani abu da zai bar muku, shida suka iso gare ku, sauran ni na binne su don kar a yi mini dariya a Tunga. Ba ni da yadda zan dawo da su. Ina jin kunyarku, kuma ina jin kunyar tsohon da ya ba ni 'yarsa bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Rahama, filashin nan ban ƙona shi ba. A yammacin ranar, bayan na gama fomat, na sa shi na bincike shi da kaina, wai ko Allah zai sa in samu wani abu a ciki in huta. Babu komai sai aikinki shafi huɗu da hoton ku ke da mamanku a bakin dam ɗin Tagwai. Tun lokacin yana cikin akwatin takarduna, igiyar ta koɗe amma shi yana nan. Na sa shi a ambulan ɗin da ke manne da bangon wannan littafi, da sunanki a kai. Lafiyarsa ƙalau, 'yata, tun ranar lafiyarsa ƙalau. Ki sa shi a kwamfutarki, ba sai kin duba shi ba.